Unguwar Gidajen Wasa ta Cleveland da Zangon Wasannin Waƙa

Birnin Cleveland yana cikin Jihar Ohio ta ƙasar Amurka, a bakin tafkin Erie. A tsakiyarsa, kan titin Euclid, akwai unguwar da ake kira Playhouse Square, wato dandalin gidajen wasa. Manyan gidaje biyar ne tushen wannan unguwa, kuma an buɗe su ne tsakanin watan Fabrairu na 1921 da Nuwamba na 1922. Gidajen kuwa su ne State da Ohio da Hanna da Allen da kuma Palace. A wancan zamani ana nuna silima a wasunsu, wasu kuma ana yin wasan kwaikwayo da raye-raye da barkwanci.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amura suka juya. Talabijin ta shiga gidajen jama'a, masu hali kuma suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwanni na bayan gari. Tsakanin 1968 da 1969 huɗu daga cikin gidajen suka rufe, Hanna kaɗai ya rage. A shekarar 1972 har an shirya rushe State da Ohio domin a mayar da wurin filin ajiye motoci.

Wanda ya tsaya kai da fata wajen hana wannan rushewa shi ne Ray Shepardson, ma'aikacin hukumar makarantun birnin, wanda ya kafa ƙungiyar ceto gidajen a 1970. Dabararsa ita ce a dawo da 'yan kallo tun kafin a samu kuɗin gyara. Don haka a 1973 aka shirya wasan waƙoƙin Jacques Brel, mawaƙin ƙasar Beljiyam, a cikin zauren shiga na State. An yi niyyar 'yan makonni ne kawai, sai ga shi ya kai kimanin shekara biyu ana yi. Wannan ya nuna wa hukuma da attajirai cewa gidajen suna da sauran amfani. Daga nan aka sake buɗe Ohio a 1982, State a 1984, Palace a 1988, sannan Allen a 1998.

To, gyara gini daban, riƙe shi daban. Babban abin da ke riƙe da waɗannan gidaje shi ne zangon wasannin waƙa masu zagaye. Wasan waƙa shi ne wasan kwaikwayon da ake isar da labarinsa ta hanyar magana da waƙa da rawa. Idan wasa ya karɓu a Broadway da ke New York, sai a haɗa wata tawaga ta ɗauke shi gari-gari, tamkar yadda makaɗanmu kan fita yawon kiɗa bayan kaka. Manyan motoci ne ke ɗauko kayan ado na dandamali da tufafi da fitilu, kuma a al'ada akan yi wasa sau takwas a mako.

Masu kula da unguwar sukan tsara jerin wasannin shekara tun da wuri, jama'a su sayi tikitin zangon gaba ɗaya. Kuɗin da aka biya tun kafin tawaga ta iso shi ke ba su damar ƙulla yarjejeniya da manyan wasanni, su kuma ci gaba da kula da rufi da adon gine-ginen da yanzu suka haura shekara ɗari.