Maƙeran Ferlach da Zaɓen Bindigar Farauta

A kudancin Ostiriya, dab da iyakar Sulobeniya, akwai ƙaramin gari mai suna Ferlach inda ake ƙera bindiga tun ƙarni na 16. Har yau aikin a rarrabe yake: mai ƙarfe daban, mai sassaƙa ƙota daban, mai zane a jikin ƙarfen daban, ga kuma makarantar fasaha da ke yaye sababbin hannu.

Gwanin maƙeri ba ya gaggawar baje wa mai saye kaya. Sai ya tambaya tukuna: me za ka harba, daga wane nisa, da wa za ka fita? Amsar ce ke zaɓen kunama.

Mai mataki ɗaya ba ta da wasa, yatsa na matsawa ta tashi. Mai mataki biyu, irin ta Mauser 98 ta sojan Jamus, takan ɗan tafi a sake, ta cije, sannan ta saki. Ta ukun ita ce abin alfaharin maharban duwatsun Alps: kunama biyu a jere, a ja ta baya a ɗana, ta gaba kuwa ko shafa ta aka yi ta tashi. Ga wanda ya kwanta a kan dutse, ya jingina bindiga, yana auna akuyar dutse daga can nesa, babu kamarta. Amma a ba wa mai rawar ɗari, yatsunsa cikin safar hannu, a ga ikon Allah. Mai bin ɓauna a sarƙaƙiya kuwa, maƙerin kirki ba zai ma kawo masa zancenta ba.

Sai birkin baki, wani ɗan ƙarfe mai huji-huji da ake murɗawa a bakin bindiga. Yana karkatar da iskar albarushi zuwa gefe, sai naushin da kafaɗa ke sha ya ragu sosai. Kafaɗa ta huta, kunne ya biya. Ƙarar babbar bindiga dama ta haura desibel 140, birkin kuma yana watsa ta kan na kusa: abokin tafiya, kare, mai bin sawu. Shi ya sa jagororin farauta da yawa a kudancin Afirka ba sa maraba da shi, kuma a ganina suna da gaskiya, tunda mai bin sawu da kunnensa yake ci.

Wajen rage naushin, maƙeri yakan fara da abin da ba ya cutar da kowa: ya ƙara wa bindiga nauyi, ya sa roba mai kauri a gindinta, ya gyara ƙota ta zauna daidai kumatun mai ita. In mutum ya nace a kan birki, sai a yanka wa bakin zare, a ba shi murfi, ya sa birki a filin gwaji ya cire a daji. Sai dai duk cirewa sai an sake saiti, domin inda harsashi ke sauka yakan gusa.