Yadda Kwamfuta ke Magana da 'Yar'uwarta: Matakin Farko ga Ɗalibi

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan Kogin Sakkwato a 1978, tana shayar da gonaki a Maradun da Talata Mafara da Bakura. Sai dai magudanan ban-ruwa irin waɗannan sukan zama gidan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Mu ƙaddara ɗalibai a Bakura sun ƙidaya dodon-koɗi a wani magudani, suna son alƙaluman su isa kwamfutar malaminsu a Talata Mafara. Rubuta manhajar da za ta kai wannan saƙo shi ne ilimin da muke magana a kai.

Aikin yana buƙatar ɓangarori biyu: manhajar da ke aikawa, da wadda ke zaune tana sauraro, wato saba. Kowace kwamfuta tana da adireshin IP, kamar lambar gida, kuma a gidan akwai ƙofofi masu lamba daga 0 zuwa 65535. Alal misali, shafukan intanet kan bi ta ƙofa ta 80 ko ta 443. Abin da manhaja ke buɗewa don ta kama adireshi da ƙofa shi ake kira soket.

Daga nan sai zaɓen ƙa'idar aikawa. TCP, wadda ta samo asali daga aikin Vint Cerf da Bob Kahn na 1974, tana tabbatar da saƙo ya isa cikakke kuma a jere, in wani yanki ya ɓace ta sake aika shi. UDP kuwa ta fi sauri, amma ba ta waiwaye. Ƙidayar dodon-koɗi TCP ta dace da ita, domin lamba ɗaya da ta salwanta tana iya ɓata bincike.

Ba sai ɗalibi ya gina komai daga tushe ba. Harshen Python yana zuwa da kayan soket a cikinsa, haka kuma tsarin gina manhaja na Qt yana da QTcpServer da QTcpSocket. Abin farin ciki, gwajin farko ba ya buƙatar intanet: adireshin 127.0.0.1 yana nufin kwamfutar da kake kai. Ka kunna saba, ka buɗe mai aikawa, ka tura kalma guda, ka ga ta iso.

Amma akwai darasin da ya shafe mu musamman. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, har tsawon makonni. Don haka manhajar da za ta yi amfani a nan dole ta ajiye bayani a na'ura idan layi ya yanke, ta sake gwadawa in ya dawo. Malamai su sa ɗalibai su kashe saba da gangan a tsakiyar aikawa, su duba ko alƙaluman sun tsira. Da haka ake gane manhajar da ta ƙosa.