Me ya sa faifan ajiya ke farkawa da kansa cikin dare?

Daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, da yawa cikin 'yan uwa masu tura finafinai da wa'azi a waya suna barin kwamfuta ɗaya a kunne dare da rana, an jona mata faifan ajiya na waje, wanda muke cewa estanal. Koken da ake yawan ji shi ne: ba wanda ya taɓa shi, amma sai ka ji ya yi ƙara "kyat-kyat" ya tashi, can kuma ya koma barci.

Ba aljanu ba ne. Saniyar da ke kwance tana tuƙa ba ta zabura sai an taɓa ta. Haka faifan nan yake, wani abu ne a cikin kwamfutar ke kiransa.

A cikin estanal akwai faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. Windows kan tsayar da shi bayan minti 20 in ba a aiki da shi. Da zarar wata manhaja ta nemi ko da sunan fayil ɗaya ne, injin na iya sake tashi.

Masu tashinsa yawanci huɗu ne. Na farko Windows Search, mai bin fayiloli yana jera sunayensu. Na biyu Microsoft Defender ko wata manhajar kashe bairos mai bincike da dare. Na uku irin su Plex, masu leƙa ko an zuba sabon fim. Na huɗu, ga masu Linux, akwai smartd da ke duba lafiyar faifai duk bayan minti 30. Kai, ko tagar fayiloli ka buɗe tana iya tashinsa.

To ina ruwanmu? Lokacin tashi ne injin ke jan wuta fiye da kowane lokaci, nan ne kuma yake wahala. Kwanciya da tashi sau da yawa a rana na cin rayuwarsa. Ga shi a nan Ikko wuta ba tabbas. In aka ɗauke ta yana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. Mai shago ya rasa jarinsa, dillalin shanu a Oko-Oba da ya adana lissafin bashi a ciki ya rasa hujjarsa.

Mafita: ka zaɓi ɗaya. In shago ne da ake tura fim kowane lokaci, shiga Power Options ka hana shi barci, in ka tashi ka kashe kwamfutar gaba ɗaya. In kuwa ajiya kawai kake yi, cire shi daga jerin Windows Search, ka mayar da binciken bairos da na Plex lokaci guda a rana. Kada ka zare waya sai kwamfuta ta ce an sallame shi. In da hali, ka sayi ƙaramin UPS a Computer Village da ke Ikeja.

Amma in ƙarar ba ta tsayawa, ko fayil na jinkirin buɗewa, wannan ba farkawa ba ce, ciwo ne. Kwashe kayanka zuwa wani faifan tun yau. Duk abin da ke wuri ɗaya tak, ka ɗauka ba ka da shi. Allah ya tsare mana dukiyarmu.