Kartar Duba Ta Turawa Da Maganar Zumunci A Jos

Duk wanda ya san Jos ya san gari ne na baƙi. Kuza ce ta tara jama'a a can tun farkon ƙarni na 20, Kanawa da Zazzagawa da Barebari da Yarbawa da Ibo, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Inda baƙi suka taru kuwa ba a rasa mai duba, domin wanda ya baro gida hankalinsa bai cika kwanciya ba. Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan ba sai an gaya mana wannan ba.

Duban da muka sani shi ne bugun ƙasa, inda malam zai baza rairayi, ya yi ɗige-ɗige da yatsa, ya fitar da gidaje 16. Malaman addini sun daɗe suna hani ga wannan al'ada, kuma a Jos ɗin ne Shaihu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, wadda ta tsananta wa'azi a kan duba da tsibbu. To, yanzu wayar hannu ta kawo wa samarinmu wani sabon iri, wato kartar duba ta Turawa da suke kira tarot.

Kati 78 ne. Guda 22 su ne manya, sauran 56 an kasa su gida huɗu: kofuna da takubba da sanduna da tsabar kuɗi. Abin dariya shi ne, da aka ƙirƙiro ta a arewacin Italiya cikin ƙarni na 15, kartar wasa ce kawai ta gidajen sarauta. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar wai asirin Misirawan dā ne a cikinta, alhali ba shi da hujja ko ɗaya. Gaibu dai na Allah ne, kwali ba ya sanin gobe.

Amma hotunan sun cancanci a dube su, musamman waɗanda Pamela Colman Smith ta zana, aka buga a London a 1909. Katin da masu abin suka ce shi ne cikar farin ciki, wato kofi goma, babu sarki a jikinsa, babu taskar zinariya. Miji ne da mata sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, 'ya'yansu biyu suna rawa, ga ɗan gida can nesa, ga bakan gizo a sama. Shi kuwa katin kuɗi huɗu, wani mutum ne zaune shi kaɗai, ya rungume kuɗi ɗaya a ƙirji, ya take biyu da ƙafa, ya ɗora ɗaya a ka, ya juya wa gari baya. Mai karatu, ba ka taɓa ganin wannan mutumin a kasuwar Mile 12 ba?

Abin da mai zane ta hango, likitoci sun auna shi. A 1938 Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar ɗalibanta 268, aka haɗa da yara 456 daga unguwannin talakawa na Boston, jimla 724, ana tambayarsu ana duba lafiyarsu har tsufa. Shugaban binciken, Dokta Robert Waldinger, ya bayyana cewa waɗanda suka fi jin daɗin zama da iyalansu da aminansu suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya da kwanciyar rai da suka kai 80. Yawan abokai bai taka rawa kamar ingancin zaman ba. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take, ba su kuwa jira Harvard ba.

Jos ta ga wannan da idonta. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, ramuka suka zama kududdufai. Rikici ya ɓarke ran 7 ga Satumba 2001, babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, aka sake yin wani a 2008 da 2010. Wanda ya wayi gari ba rumfa ba jari, ɗan'uwa ne ya ba shi ɗaki, tsohon maigidansa ya ba shi kaya bashi, mata suka tada juna da adashi. Asarar da ta fi wuyar mayarwa ita ce ta maƙwabta, domin gari ya rabu, Musulmi suka koma Unguwar Rogo da Gangare, Kirista suka nufi Unguwar Rukuba da Jenta, mutanen da suka yi shekara talatin suna aika wa juna tuwon Salla da shinkafar Kirsimati suka daina ganin juna.

Duk da haka ba ta mutu ba. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye maƙwabtansa 262, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya fito ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙonsu har suka tafi. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo.