Dolphin: Manhajar Da Ke Kunna Wasannin GameCube Da Wii A Kwamfuta

Nintendo ta daina ƙera GameCube tun 2007, amma har yau ana buga wasanninta a Windows, Linux, macOS da wayoyin Android ta hanyar manhajar Dolphin. An fara sakin ta a 2003, sannan a 2008 aka buɗe lambobinta ga kowa, wato duk mai iya rubuta manhaja zai iya dubawa ya gyara.

Furosesar GameCube da Wii samfurin PowerPC ce, yarenta daban da na Intel ko AMD. Don haka aikin tafinta Dolphin take yi: tana ɗaukar umarnin wasan guntu-guntu, ta juya shi zuwa yaren kwamfutar a daidai lokacin da ake wasan, ta ajiye abin da ta fassara don kada ta maimaita. Shi ya sa tsohuwar laftof mai raunin furosesa takan riƙa sarƙewa. Aikin akwai wuya. Sai a 2016 ta iya kunna kowane wasan GameCube.

Inda gizo ke saƙar shi ne shari'a. A 2023 masu Dolphin suka so saka ta a shagon Steam, Nintendo ta ƙi amincewa, tana ƙorafin yadda manhajar ke buɗe makullin wasannin Wii, dole aka fasa. Yuzu, mai kwaikwayon Switch da ke kasuwa a lokacin, ta fi shan wuya: a 2024 masu ita suka yarda su biya dala miliyan 2.4, suka rufe ta. Dolphin dai tana nan, ba ta zuwa da wasa ko ɗaya. Mutum shi zai kwafo daga faifansa.