Allurar da ke tona asirin wayar da ke shan caji

A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma idan cajin wayar salula ya riƙa zuƙewa da wuri, zafin ake ɗora wa laifi. Matashi ya tattara kuɗi ya sayi sabon batir, bayan sati guda matsalar ta dawo. Sau da yawa 'yar wuta ce ke zurarewa a cikin injin wayar ko da an kashe ta. Na'urar da ke gano irin wannan wuta kuwa ta haura shekara 200.

A 1820 masanin ƙasar Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki ya bi ta ƙarfen da ke kusa da ita. A shekarar ce Johann Schweigger na Jamus ya nannaɗe zaren tagulla sau da yawa a kewayen allurar, sai ga shi wuta kaɗan ma tana motsa ta. Wannan ita ce galbanomita, wadda ta ci sunan Luigi Galvani na Italiya.

A 1858 William Thomson ya maƙala ɗan madubi a jikin maganaɗisun, ya haska shi da fitila. Motsin hasken a kan ma'auni ne ya ba da damar karanta saƙon tangaraho da ya ratso ƙarƙashin tekun Atlantika. A 1882 Bafaranshe Jacques d'Arsonval ya juya tsarin: maganaɗisu a tsaye, naɗin tagullar ne ke juyawa. Mitoci masu allura har yau a kan wannan tsari suke.

Duk ɗalibin kimiyya a Sakkwato da ya shirya wa gwajin fizis na WAEC ko NECO ya san ta: allura a tsakiya kan sifili, tana lilo dama da hagu. Jikarta ce ke teburin mai gyaran waya. Yakan cire batir ya haɗa wayar da akwatin ba da wuta. Lafiyayyar waya da ke kashe kusan ba ta jan komai. Idan allurar ta ɗaga kafin a danna maɓallin kunnawa, akwai inda wuta ke zurara, kuma sabon batir ba zai yi magani ba.

Don haka kafin mai waya ya biya kuɗin batir, ya kamata ya ce: "Maigida, a ɗora ta a kan mita tukuna."