Tabar Wiwi: Abin Da Take Yi Wa Mai Shanta

Duk wanda ya taɓa bin motar shanu ko ta busasshen kifi daga Nguru ko Gashuwa zuwa Ikko ya ji direban da ke cewa wiwi ce ke hana shi gajiya. 'Yan'uwa, wannan ruɗi ne.

Da an zuƙi hayaƙin, cikin 'yan mintoci sinadarin THC ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta shiga bugawa da sauri. Wani ya yi ta dariya ba dalili, wani kuwa tsoro ya kama shi, ya ga kamar ana binsa. Direba sai ƙafarsa ta yi nawa wajen taka burki. Mayen yakan kai awa 2 zuwa 3.

Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ke shanta a Nijeriya. To, in aka aiko maka cewa yaronka can gida ya ruɗe bayan ya sha, ka ce kada a ɗaure shi, kada a doke shi. A kwantar masa da hankali, a kai shi Asibitin Tarayya na Nguru. Allah Ya shirya mana zuri'a.